Ramzi da Wasan Haɗa Baƙaƙe a Ƙasar Gwandu

A zamanin nan akwai wani wasa da ya shigo hannun samari tare da wayar hannu. Kowace safiya a kan ba mutum waɗansu haruffa 'yan kaɗan, a ce ya jujjuya su ya fitar da kalmomi gwargwadon iyawarsa, in gari ya sake wayewa kuma a kawo masa waɗansu. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan shi ne na jaridar New York Times ta Amurka, wanda ta fara fitarwa kullum a 2018. Haruffa 7 a ke jerawa kamar saƙar zuma, ɗaya a tsakiya sauran sun kewaye shi, ba a kuwa karɓar kalmar da babu na tsakiyan nan a cikinta. Jaridun Turawa sun daɗe da irin wannan, domin tun ran 21 ga Disamba 1913 wani mutumin Ingila mai suna Arthur Wynne ya buga wasan cike gurbin kalmomi a wata jarida ta birnin New York. Mutanen Nijeriya ma sun taɓuka, gama a 2015 Wellington Jighere ya tafi Perth ta ƙasar Ostareliya ya cinye gasar duniya ta Scrabble, shi ne kuwa ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Da ya ke duk waɗannan da Ingilishi suka iso mana, ɗalibin da ke zaune a Aliero yana fama da haruffansa bakwai sai ya zaci abin baƙo ne, daga ƙetare aka kawo shi. Alhali kuwa ƙasar da ya ke zaune a kanta, watau Jega da Aliero da Maiyama da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, ta san wannan aiki yau fiye da shekara 200. Malaman da suka yi shi kuwa da shi suka ajiye shekarun tarihinsu, har ya zama wanda bai iya warware shi ba ya kan riƙe takarda a hannu, shekarar da aka rubuta ta tana gabansa ɓaro-ɓaro, amma bai gan ta ba. Sunan abin ramzi.

Kafin mu kai ga ramzi sai mu fara daga inda kowane yaro ya ke farawa. In an kai shi makarantar allo ya hardace 'yan gajerun surori da ka, sai malam ya rubuta masa babbaƙu, watau baƙaƙe tsirara babu wasali. Kowane baƙi da sunansa na Hausa, sunan ma ya kan sake in baƙin ya sake zama cikin kalma. Akwai alu, da ba guje, da ha ƙarami, da ha kuri, da mim ara, da lam jaye, da ɗa mai hannu. In ya ƙware sai a shiga farfaru, a ɗora wa baƙaƙen wasali bisa, ko wasali ƙasa, ko rufu'a, ko ɗauri. Sa'an nan a kai hajjatu, inda zai riƙa haɗa su yana ta da kalma. To, yaron da ya bi ta wannan hanya ya tashi da sanin cewa baƙi dabam, kalma dabam. In aka rubuta masa kaf da ra da alu tsirara, ba su ce kome ba tukuna. Ya sa wa kaf wasali bisa ya sami kara, ya sa mata wasali ƙasa ya sami kira, ya gabatar da ra ya sami raka. Ai ka ga ya fara wasan ke nan, ko da ya ke bulalar malam ba ta bar shi ya ɗauke shi wasa ba.

Wanda ya fara mai da wannan jujjuyawa ilmi shi ne Halilu ɗan Ahmadu, malamin Basra na ƙarni na 8 na Miladiyya, shi ne kuma ya tsara ilmin aruli da a ke auna waƙa da shi. Da ya tashi shirya ƙamusunsa, Kitabul Aini, sai ya ga ba yadda za a yi mutum guda ya bi Larabawan jeji ya ji kowace kalma daga bakinsu. Saboda haka ya ɓullo ta hanyar lissafi. Baƙi biyu iri 2 su ke jeruwa, uku iri 6, huɗu iri 24, biyar iri 120. Sai ya riƙa ɗaukar baƙaƙe yana juya su ta kowace fuska. Jerin da Larabawa ke faɗa ya rubuta ma'anarsa, wanda ba su faɗa ya ce wannan yasasshe ne. Ɗauki kaf da lam da mim. Cikin jeri shida da su ke bayarwa, uku sun shigo Hausa sun zauna daram, daga gare su muka sami kalma, da kamala, da mulki. Na huɗu naushi ne, na biyar rijiyar da ruwanta ya ja baya, na shida kuwa, wanda ya fara da lam ya ƙare da kaf, Ibn Jinni ya lissafa shi cikin yasassu.

Irin wannan ilmi ya sami gida a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, wanda kabarinsa ke garin, ya wallafa Hisnur Rasin a kan sarfu, watau ilmin yadda a ke fitar da kalmomi da yawa daga tushe guda, ya kuma wallafa Bahrul Muhiɗ a kan nahawu, duka biyu a waƙe. Ɗaliban zaure a ƙasar Hausa kuma sun saba da Maƙamat na Hariri, shi ma mutumin Basra, wanda ya rasu a 516 na Hijira. Cikin littafin nan akwai zance da a ke karantawa daga farko zuwa ƙarshe ko daga ƙarshe zuwa farko ya fito daidai, akwai kuma baitocin da babu baƙi mai ɗigo ko ɗaya a cikinsu. Wanda ya sha waɗannan ya ƙoshi, juya baƙi huɗu ba zai hana shi barci ba.

Yanzu ga yadda ramzi ya ke. Baƙaƙen Larabci 28 ne, kowane kuwa yana da adadinsa. Ba bisa jerin da a ke koya wa yara a ke ba su adadin ba, akwai wani tsohon jeri da a ke hardacewa cikin kalmomi takwas: abajada, hawaza, haɗaya, kalamana, sa'afala, ƙarasata, cahaza, zagasha. Baƙaƙe tara na farko su ne 1 zuwa 9, watau alu 1, ba 2, jim 3, har a kai ɗa mai hannu 9. Tara na biye su ne 10 zuwa 90, an fara da ya 10, kaf 20, lam 30, mim 40. Tara na bayansu su ne 100 zuwa 900, an fara da ƙaf 100, ra 200, sin 300, ta 400. Baƙin ƙarshe, shin, shi kaɗai ya ɗauki 1000. Wasali ba shi da adadi, baƙin da aka ƙarfafa da shadda kuma sau ɗaya a ke ƙidaya shi, tun da sau ɗaya aka rubuta shi. In malam ya gama waƙa ko littafi yana so ya faɗi shekara, sai ya fasa adadin shekarar ya ga baƙaƙen da suka fito, ya shiga juya su har ya sami kalma. Dubu ta gabata ko ta zo ƙarshe, jimla ba ta sakewa. Amma fa ba kowace kalma za ta yi ba. Sai wadda ta shiga ma'aunin baitin, in da hali kuma ta zama mai kyakkyawar ma'ana. Misalan da zan kawo nan gaba ni na haɗa su bisa wannan ƙa'ida, ba daga waƙar kowa na ɗebo su ba.

Mu ɗauki shekarar da ta fi kowace nauyi ga mutanen Jega. Malam Abdussalami Ba'are ne, yana cikin manyan almajiran Shehu. Da zama ya yi wuya a ƙasar Gobir sai ya kwashi jama'arsa ya yi kudu, ya zauna Gimbana, kusa da inda Jega ta ke yanzu. Sarkin Gobir Yunfa ya aika da rundunar da ta ci garin cikin watan azumi, a Disamba 1803. Da aka biyo da kamammu ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan ne ya tsinke igiyar da ta rage tsakanin Shehu da Yunfa, har Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804. A lissafin Turawa shekara biyu ce, amma a na Hijira duka sun faɗa cikin 1218. Fasa ta: 1000 da 200 da 10 da 8, watau shin, ra, ya, ha ƙarami. Baƙi huɗu ne, saboda haka jeri 24 ke gaban malam. In ya bar su yadda suka zo, ga sunan Shuraihu, alƙalin nan na Kufa. In ya gabatar da ya, yana iya samun yashrahu, yana buɗawa, ko yahshuru, yana tarawa, irin tarawar ranar ƙiyama. In kuwa da Hausa ya ke waƙarsa ba ya bukatar nisa, domin kalmar sharhi, in an rubuta ta da ajami da ya a ƙarshe, waɗannan baƙaƙe huɗu ne cif. Duk wanda ya riƙe sharhi ya riƙe shekarar Gimbana da ta hijira.

Shekara mai biye ba ta da wuya. A cire ha ƙarami a sa ɗa mai hannu, sharhi ya koma sharaɗi, 1219, shekarar da Malam Abdullahi ya jagoranci jama'a suka karya Gobirawa a Tafkin Kwatto, cikin Yuni 1804. Ta bayanta ce mai abin mamaki. A Afrilu 1805, farkon 1220, Abdullahi ya ci Birnin Kabi, cikin shekarar kuma Shehu ya sauka Gwandu, aka kuma sha wuya a yaƙin Alwasa. Baƙaƙenta uku ne rak: shin, ra, kaf. In aka bar su a jere yadda suka zo, abin da za su bayar da Larabci shi ne shirk, watau shirka, abin da jama'ar suka ce sun fito yaƙa. In aka musanya biyun ƙarshe sai su ba da shukr, godiya. In aka fara da kaf su ba da kirsh, tumbi. Lissafi bai bambanta su ba, duka 1220 ne. A nan ne a ke gane malami, don adadi ya ba shi baƙaƙe kawai, zaɓe ya rage gare shi. Akwai kuma wani tarko ga mai rubutu da Hausa. In ya rubuta shirka yadda mu ke faɗarta, da jan wasalin ƙarshe, dole ya sa alu, alu kuwa 1 ne, ya tura labarinsa cikin 1221 ke nan bai sani ba.

Ba dole ne a tsaya ga baƙaƙen da suka fara fitowa ba. Shehu ya rasu a Sakkwato cikin Afrilu 1817, watau 1232. Kai tsaye shin da ra da lam da ba ke nan. Amma malam yana da ikon ya fasa lam, wadda ta ke 30, ta zama kaf da ya. Sai baƙaƙe su zama biyar, su ba da bashiruka, mai yi maka bushara. Su ɗin dai in aka karkata su kaɗan sai su ce bi sharikin, da abokin tarayya, wanda ba mai tauhidin da zai rufe waƙarsa da shi. Malam Abdullahi ya rasu a 1829, farkon 1245, baƙaƙenta mim, shin, ha babba, ra, suna ba da mushahhar, wanda aka yayata sunansa.

Tsakanin waɗannan rasuwa biyu aka kafa Jega, ba kuwa cikin daɗi ba. Bayan rasuwar Shehu, Abdussalami, wanda a lokacin ya ke zaune Kware, ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Aka yi ta aike-aiken takardu ba a daidaita ba, aka yi yaƙi, Abdussalami ya sami rauni ya rasu a farkon 1818. Bello da kansa ya rubuta labarin cikin Sardul Kalam. Ragowar jama'ar suka taru Kalambaina kusa da Gwandu suka gagari Abdullahi, sai da Bello ya kawo masa gudunmawa aka ci garin wajen 1820 zuwa 1821, a nan ne kuma baffa da ɗa suka shirya. Daga baya Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a, aka yardar masa ya kafa gari a bakin Gulbin Zamfara. Kada mai karatu ya rikita shi da Buhari ɗan Shehu mai Tambawal. Garin shi ne Jega, mutanensa har yau a na ce musu Gimbanawa, sarautarsu Sarkin Kabin Jega. Kafin ƙarnin ya ƙare kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar fatake masu zuwa Gwanja neman goro.

Me ya sa malamai suka ɗora wa kansu wannan wahala, ga alƙaluman lissafi sun san su? Dalili na farko shi ne yawancin abin da su ke so jama'a su riƙe a waƙe su ke yinsa, ba a kuwa rera alƙalamin lissafi. In an ce a faɗi shekarar da kalmomi, sai ta cinye baiti guda ko ta karya shi. Na biyu, littafi da hannu a ke kwafe shi, daga wannan zaure zuwa wancan, mai kwafa kuma ya kan gaji. In ya kuskure alƙalami guda ba mai ganewa, amma in ya kuskure baƙi cikin kalma mai ma'ana da ke zaune cikin ma'auni, kunne zai kama shi. Saboda wannan dalili waɗansu har yawan baitocin waƙar su kan faɗa da ramzi, don kada wani ya ƙara ko ya rage. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta saba rufe waƙoƙinta da ramzin shekarar da ta yi su, shi ya sa da Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a 1997, da yawa daga cikinsu sun zo da shekarunsu.

Malaman ƙarni na 13 na Hijira sun yi sa'a, domin shin da ra suna son juna a Larabci, kalmomin da suka haɗa su ba su ƙidayuwa. Da aka shiga 1300 sai ra ta sauka, sin ta hau, shin da sin kuwa da ƙyar su ke zama cikin kalma guda. Sai an jira 1340 kafin a sami mai kyau, shams, rana, shekarar da aka yi bukin buɗe Kwalejin Katsina a Maris 1922. Mafita ita ce a fasa 300 ta zama ra da ƙaf. In an yi haka, 1300 kanta sai ta ba da sharƙ, gabas. Mai karatu ya yi da wannan yadda ya ga dama, amma lokacin nan idon mutane da yawa yana gabas, inda Muhammadu Ahmadu na Sudan ya ce shi ne Mahadi, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Bello, ya bi shi. Ƙara kaf bisa sharƙ ka sami 1320, shekarar da Turawa suka shiga Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya nufi gabas.

Yanzu mun zo wurin da ɓarna ke shiga. Jerin abajada iri biyu ne a duniya. Wanda na bayyana na Magrib ne, shi ya zo mana tare da rubutun Magrib da ƙira'ar Warshu, inda fa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a bisa. Mutanen Masar da Sham da sauran ƙasashen gabas nasu dabam ne. Cikin baƙaƙe 28 sun dace da mu a 22, sun saɓa a shida: sin, shin, sodi, lodi, zadi, angai. A wurinsu angai ne 1000, shin 300 ce kawai, sin kuma 60. Ga shi kuwa duk shekarar da aka rubuta a ƙasar nan tun daga zamanin Shehu da shin a cikinta. Littattafan ɗab'i da suka cika kasuwanninmu yawancinsu daga gabas su ke zuwa, da jerin gabas a cikinsu. Saboda haka ɗalibin da ya koyi abajada daga littafin ɗab'i, ya zo ya ɗauki takardar kakansa ya ga sharhi, zai lissafa ya sami 518. Ya mai da Gimbana baya da shekara 700 ke nan, ya kai ta shekara biyu bayan rasuwar Hariri. Wannan kuskure ma da sauƙi, don girmansa zai tona shi. Wanda ya fi muni shi ne na mai kwafa ko mai fassara da bai san akwai lissafi a wurin ba sam, ya ga kalma ba ta dace da zancen ba, ya ce kuskure ne ya gyara ta, ko ya fassara ma'anarta ya wuce. In ya yi haka shekarar ta tafi ke nan.

Da boko ya zo sai wasan ya sake kama. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909, ya fitar da ƙa'idodin rubutun Hausa da haruffan Turawa a 1912. Cikin shekarun 1930 aka kawo haruffa masu lanƙwasa, aka raba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. A Janairu 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito. Cikin shekarun 1950 aka ɗaura Yaƙi da Jahilci, dattawa suka zauna a aji suna haɗa harafi da harafi, hukumar NORLA ta Zariya kuma tana buga wa kowane lardi 'yar jaridarsa. Ta Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa a lokacin, sunanta Zaruma. Haruffan boko ba su da adadi, saboda haka ba a ramzi da su. Amma da ya ke wasali ya zama harafi mai zaman kansa, sai juyawa ta yi armashi ta wata fuska. Ɗauki g, a, r, i. Cikin jeri 24 za ka sami gari, da riga, da gira, da ragi. Kalma huɗu a ido, amma a baki sun fi haka, domin boko ba ya nuna jan wasali ko karin sauti: garin da a ke zama dabam, garin da a ke tuwo dabam, haka rigar sawa da riga ta wanda ya riga ka zuwa. Sunan Maiyama mai kyauta ne, daga haruffansa bakwai a na samun yamma, da miya, da aya, da mai, da mama, da amai. Na Aliero kuwa, duk da albasar da garin ke cika motoci da ita, rowa gare shi, da ƙyar za ka tatsi aro da rai.

Ni dai a ganina akwai wata matsala da za ta sami duk wanda ya tashi shirya wa Hausawa irin wasan nan na kullum. Dole a sami ƙamusun da zai raba gardama. Muna da na Bargery na 1934, da na Abraham na 1949, da na Jami'ar Bayero na 2006. Amma daidaitacciyar Hausa bisa Kananci aka gina ta, mutumin Jega kuwa tahi ya ke cewa ba tafi ba, ɗiya ya ke cewa ba 'ya ba. In waya ta ƙi karɓar kalmar da uwarsa ta yi masa magana da ita, ta ce ba Hausa ba ce, wa ya yi kuskure? Sunan jaridar nan Zaruma ma, da Bakano aka tambaya da Jaruma ya ce.

Jega ta haifi mutumin da ya nuna cewa wasa da kalma bai mutu da zuwan boko ba. Alhaji Aƙilu Aliyu a nan aka haife shi a 1918, ya yi karatun allo, ya tafi Kano da Barno neman ilmi, ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa da Ɗalhatu Muhammad ya tattara cikin Fasaha Aƙiliya sun shiga makarantu, masana kuwa sun haɗu a kan cewa wajen sarrafa harshe da jera kalmomi masu kama da juna kaɗan ne suka kamo shi. Waƙarsa Ƙalubale kacici-kacici ce, ya yi ta siffanta abu yana jan ran mai sauraro, abin kuwa ilmi ne. Ya kuma yi Hausa Mai Ban Haushi, inda ya yi wa masu gauraya Hausa da Ingilishi tatas.

Tun 1979 muna cikin shekarun 1400 na Hijira, shin ta sami sabuwar abokiya, watau ta, wadda ta ke 400. Ba a ce sun dace ƙwarai ba. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991, cikin 1412, baƙaƙen suka ba da tashibu, za ka yi furfura. Ta 1440, wadda ta kama a Satumba 2018, ta fi wannan muni, don in an bar baƙaƙenta a jere shatm su ke bayarwa, watau zagi. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdullahi ɗan Fodiyo, an kafa ta a 2006, kusan dukan shekarar kuwa cikin 1427 ta faɗa. Shin, ta, kaf, zaira ke nan, ko ta ina aka juya su ba su ba da abin da kunne zai so. Na fasa zaira, wadda ta ke 7, ta zama wau da alu, abin da na samu shi ne tashku, watau ku kai kuka, wannan kuwa bai dace da ƙofar makaranta ba. Saura a gwada fasa ta ɗin, ta zama ra biyu, ko sin da ƙaf, ko ra da ƙaf biyu. Na bar wa ɗaliban Aliero wannan.